YADDA AKE KOYA WA KWAMFUTA ZANEN ANIME NA JAPAN

Cikin shekarar 2013 aka rufe wani babi a tarihin majigin zane na ƙasar Japan ba tare da an buga ganga ba. A shekarar ce masu shirya Sazae-san, wasan nan na zaman iyali da ake nunawa a talabijin tun 1969, suka daina shafa fenti da hannu a kan sel, suka koma yi da kwamfuta. Su ne na ƙarshe da suka rage a kan tsohuwar hanya cikin masu yi wa talabijin zane a ƙasar. Abin mamaki kuwa shi ne, sel ya tafi amma kamanninsa sun ƙi tafiya. Har yau ɗin nan, yawancin masu ƙera mutanen anime da kwamfuta babban burinsu shi ne mai kallo ya ɗauka da hannu aka zana su.

Shi sel wani falle ne na roba, garai-garai kamar gilashi, wanda wani Ba'amurke mai suna Earl Hurd ya yi wa dabarar aiki da shi rajista cikin 1914. A gabansa ake jan baƙin layi, a bayansa a cika da fenti, sa'an nan a aza shi bisa hoton daji ko na ɗaki a ɗauka da kyamara. Da yake hannaye da yawa ne za su shafa dubban fallaye, kuma tilas su fito iri ɗaya, sai aka tsaya ga launi shimfiɗaɗɗe: ɗaya na wurin haske, ɗaya na inuwa, wani lokaci da ɗan ƙyalli a gashi, iyakar da ke tsakaninsu kuwa kaifi kamar an yanka da aska. Waɗanda suka yi ƙuruciya a biranen Nijeriya lokacin da ake nuna Voltron a akwatin talabijin sun san wannan kama, domin kamfanin Toei na Japan ne ya zana shi a kan sel.

To, me ya kai Japanawa ga neman taimakon na'ura? Nauyin aiki ne. Kashi ɗaya na wasan talabijin, wanda bai kai rabin sa'a ba, yakan ci zane dubu uku ko fiye. Wani bincike da ƙungiyar masu zanen anime ta Japan, watau JAniCA, ta fitar cikin 2015 ya nuna cewa masu zana hotunan tsakani, waɗanda galibinsu sababbin shiga ne, abin da suke samu a shekara bai wuce kimanin yen miliyan 1.1 ba, kuɗin da ba zai riƙe mutum a Tokiyo ba. Mutum-mutumin da aka ƙera cikin kwamfuta kuwa, da zarar an gama shi, ana iya juya shi ta kowace fuska, a sa shi gudu ko rawa, a kuma maimaita shi ya zama rundunar mayaƙa. Tun cikin 1983 aka gwada haka da jiragen sama masu saukar ungulu a fim ɗin Golgo 13. Jirgi da mota ba su daɗe suna ba da wahala ba. Ɗan Adam ne ya gagara.

GASKIYAR HASKE

Kafin a gane inda gizo ke saƙa, sai an san yadda na'ura ke ganin haske. Fatar mutum-mutumin ɗinki ce ta dubban ƙananan faci masu kusurwa uku. A kan kowane gurbi na wannan fata akwai wata 'yar kibiya da ido ba ya gani, wadda ke nuna inda gurbin ya fuskanta. Na'ura takan gwada wannan kibiya da inda fitila take. In kibiyar ta dubi fitila kai tsaye, wurin ya yi haske sosai. In ta karkace, hasken ya ragu daidai da karkatarta. Wani masani mai suna Johann Lambert ne ya rubuta wannan ƙa'ida tun cikin 1760. A Jami'ar Utah ta Amurka kuma, Henri Gouraud na Faransa cikin 1971, da Bui Tuong Phong na Biyetnam cikin 1975, suka fito da hanyoyin da ke sa hasken ya riƙa dusashewa sannu a hankali ba tare da an ga gaɓa ba.

Wannan nasara ce ga mai son hoto ya yi kama da zahiri. Ga mai anime kuwa ita ce matsalar, domin mutum yakan fito sumul kamar 'yar tsanar roba. Saboda haka dukan dabarun da Japanawa ke kira seru rukku, watau kamannin sel, ƙoƙari ne na warware abin da waɗancan masana suka ƙulla.

Dabara ta farko, kuma uwar sauran, ita ce yanka haske gida biyu. Akan sa haddi: duk gurbin da haskensa ya haura haddin a ba shi launin haske, duk wanda ya gaza a ba shi launin inuwa, babu tsaka-tsaki. Philippe Decaudin ya yi bayanin irin wannan a cibiyar bincike ta INRIA a Faransa cikin 1996, sa'an nan cikin 2000 wasu injiniyoyin kamfanin Intel suka nuna yadda za a yi shi da sauri, ta hanyar ajiye launukan a wani ɗan siririn ƙyalle da na'ura ke dubawa. Wannan ƙyalle ya ba mai zane 'yanci. Yana iya yin matakai uku maimakon biyu, yana iya sassauta kaifin iyakar, yana kuma iya sa inuwar fata ta yi ja-ja, ta riga kuma ta yi shuɗi-shuɗi, kamar yadda masu fenti na da suke yi. A shekarar 2000 ɗin ce wasan bidiyo na Jet Set Radio na kamfanin Sega ya nuna wa duniya wannan kama, The Wind Waker na Nintendo ya biyo baya cikin 2002, fim ɗin Appleseed kuma cikin 2004.

Dabarar tana da sauƙi da araha, kuma a kan hannu ko ƙafa ko hula ba ta da laifi. Amma da an zo fuska sai asiri ya tonu. Na'ura ba ta san kara ba, duk wani tudu da kwari da ta samu sai ta ba shi hakkinsa. Sai a ga inuwa ta tsattsage a gefen hanci, ta yi dabbare-dabbare a ƙarƙashin ido da leɓe, kuma da mutum ya ɗan juya kai sai dabbaren su kama rawa. Alhali kuwa fuskar anime ba ta bin zahiri tun asali. Hanci ɗigo ne, baki yakan zame zuwa kunci in an dubi mutum ta gefe, inuwa kuma mai zane ne ke yanke shawarar inda za ta zauna: ɗan alwatika a kunci, ko rabin fuska baƙi in ana so a nuna mugunta. Na'ura tana faɗin gaskiyar haske, mai zane kuwa ƙarya yake yi da gangan, kuma ƙaryar tasa ce masu kallo suka saba da ita.

MAGUNGUNA UKU NA FUSKA

Magani na farko shi ne aron kibiyoyi. Akan ƙera wani abu mai santsi kamar ƙwai, a lulluɓe kan mutumin da shi, a kwashe kibiyoyin ƙwan a dasa wa fuskar. Siffar fuska tana nan yadda take, da hancinta da leɓenta, amma na'ura in ta zo lissafin haske sai ta ɗauka ƙwai take haskawa. Inuwa takan fito da layi ɗaya mai tsabta. Aikin 'yan mintoci ne, shi ya sa ƙananan kamfanoni da masu koyo suka fi yin sa. Aibinsa shi ne fuska takan rasa hali, domin inuwar kowa iri ɗaya ce, ta yaro da ta tsoho.

Magani na biyu shi ne gyaran kibiyoyin da hannu, kuma wanda ya fi shahara da shi kamfanin Arc System Works ne na birnin Yokohama, cikin wasan faɗa na Guilty Gear Xrd da ya fito a 2014. Mutane da yawa da suka fara ganinsa sun ɗauka zanen hannu ne, sai da kyamara ta kewaya bayan mayaƙan suka gane. Cikin 2015 ɗaya daga cikin masu aikin, Junya Motomura, ya yi bayanin sirrin a taron masu ƙera wasanni a San Faransisko. Kowane mayaƙi yana da faci kimanin 40,000, kuma an bi kibiyoyin fuskarsa an karkatar da su da hannu, har sai inuwa ta faɗi daidai inda mai zane zai sa ta. An kuma yi wa wasu wurare alama, kamar ƙarƙashin haɓa da cikin naɗin tufa, domin su riƙa shiga inuwa da wuri. Daɗin daɗawa, ba a bar fitilar filin daga ta haska kowa ba. Kowane mayaƙi da tasa fitilar da ke bin sa, an kafa ta inda ta fi yi masa kyau.

Babu hanyar da ta kai wannan kama da zanen hannu, amma tana da sharaɗi. A wasan faɗa mutum biyu ne ke fuskantar juna, kuma an san inda kyamara za ta tsaya, saboda haka ana iya yi wa kowane tsayi da kowane naushi kwalliya. Kuma aikin yana cin watanni da ƙwararrun hannaye.

Magani na uku ya dace da inda ba a san inda kyamara ko rana za ta kasance ba. A wasan Genshin Impact, wanda kamfanin miHoYo na birnin Shanghai a ƙasar Sin ya fitar cikin 2020, mai wasa yana yawo inda ya ga dama, rana kuma tana fitowa tana faɗuwa. A nan ba a dogara da kibiyoyin fuska ba. Akan zana siffar inuwa yadda ake so ta kasance in haske ya zo daga gaba, da yadda za ta kasance in ya ɗan karkata, har zuwa lokacin da ya koma gefe ɗungum. Sai a narkar da zanen duka cikin taswira guda mai launin toka-toka, wadda ke gaya wa kowane gurbi na fuska lokacin da zai shiga inuwa. Ko ina rana ta juya, inuwar ba ta fita daga siffofin da ɗan Adam ya amince da su. Rauninta shi ne ta fi sanin haske na dama da hagu. In fitila ta zo daga sama ko daga ƙasa, ba ta da abin faɗa sosai.

Masu fim da wasan talabijin suna da wata gata da masu wasan bidiyo ba su da ita. Tun da hotonsu ba ya sakewa bayan an gama, suna iya kafa fitila dabam a kowace fitowa, su murɗe fuska ta dace da kyamara, in kuma inuwa ta ƙi, a sa alƙalami a gyara ta hoto bayan hoto.

JAN LAYI

Inuwa rabin aiki ce, sauran rabin baƙin layin nan ne da ke kewaye jiki. A zahiri babu layi a jikin kowa, saboda haka sai an ƙirƙiro shi, kuma a nan ma hanyoyi sun rabu.

Ta farko ita ce ta riga a baibai. Akan kwafi mutum-mutumin, a ɗan kumbura kwafin, a shafe shi da baƙi, sa'an nan a umurci na'ura ta nuna cikinsa kaɗai, ta ɓoye wajensa. Mutumin na ainihi yakan rufe baƙar rigar duka, sai ɗan bakinta da ke leƙowa ta gefe, shi ne ido ke gani kamar layi. Da wannan Guilty Gear Xrd ya yi aiki, domin tana ba da dama a ce layi ya yi kauri a kafaɗa, ya sirance a bakin gashi, ya ɓace a kusa da ido, kamar yadda alƙalami ke yi. Sai dai takan tsage a kusurwa mai kaifi, kuma ba ta jan layukan ciki irin na tsoka da ɗinkin tufa.

Ta biyu ba ta taɓa mutum-mutumin, hoton da aka gama take bincike. Asalinta aikin Takafumi Saito da Tokiichiro Takahashi ne na kamfanin NTT na Japan cikin 1990. Na'ura takan bi hoton ɗigo bayan ɗigo, duk inda ta ga nisa ya sake farat ɗaya, ko kibiyoyi sun juya kwatsam, sai ta sa baƙi. Ba ruwanta da yawan mutanen da ke fili, ɗaya ne ko ɗari, kuma tana kama inda hannu ya gitta ƙirji. Amma layinta kaurinsa ɗaya kamar waya, kuma in abu ya yi nisa sai layukan su cunkushe su zama baƙin dunƙule.

Ta uku ita ce a bi gefunan facin nan ɗaya ɗaya a tantance wanda ya cancanci layi, sa'an nan a ja shi da alƙalamin na'ura mai kauri da siranta. Manhajar Pencil+ ta kamfanin PSOFT, wadda ɗakunan anime da yawa ke amfani da ita, ta yi suna wajen ba da irin wannan layi. Ya fi kowanne kyau, amma lissafinsa yana da nauyi, don haka ya fi dacewa da fim, inda na'ura ke da lokacin yin hoto ɗaya a natse.

Layukan ciki kuwa, da yawa sukan zana su a kan fatar kawai. Illar haka ita ce in kyamara ta matso sai layin ya yi haƙora, domin hoton fata ƙananan murabba'ai ne. Duk wanda ya san saƙa ya san cewa zane in ya bi zaren tsaye ko na kwance yakan fito sak, in ya karkace kuwa sai ya yi matakala. Wannan ce dabarar Motomura: ya jera layukan duka a miƙe, tsaye da kwance, sa'an nan ya lanƙwasa fatar ta bi su. Kome kusantar kyamara, layin yana nan da kaifinsa.

MOTSI

Ko an sami inuwa da layi, akwai abu na uku da ke tona asiri, watau motsi. Fim yana tafiya da hoto 24 cikin daƙiƙa guda. Lokacin da Osamu Tezuka ya fara Astro Boy a talabijin ran 1 ga Janairu 1963, ba shi da kuɗi ko ma'aikatan da za su zana wannan adadi kowane mako, sai aka riƙa barin zane ɗaya ya zauna hoto uku, watau zane takwas a daƙiƙa, wani lokaci ma baki kaɗai ke motsi. Abin da talauci ya haifar ya zama salo. Masu zane suka koyi riƙe tsayi, su saki naushi farat ɗaya, su kumbura dunƙulen hannu ya fi kai girma.

Na'ura kuwa in an ba ta farkon motsi da ƙarshensa, sai ta cike tsakani sumul, mutum ya riƙa shawagi kamar a cikin ruwa. Wasu suka ce a zubar da hoto biyu cikin uku. Amma zubar da hoto daga motsin da na'ura ta lissafa bai zama zaɓen mai zane ba, sai abin ya yi kama da majigin da ke sarƙewa. Irin wannan kuka masu kallo suka yi da wasu wasannin shekarun 2010, kuma Berserk na 2016 ya sha suka ƙwarai a kan motsi da kamannin mutanensa. Kama da wane ba ta wane. Kamfanin Sanzigen, mai Arpeggio of Blue Steel na 2013, da Arc System Works, sun bi hanya mai wuya: a hana na'ura cike tsakani, a tsara kowane tsayi da hannu, a murɗe gaɓoɓi in hoton ya bukata. A Guilty Gear Xrd har da gangan ake sa 'yan kurakurai, domin kada siffa ta fito daidai wa daida daga hoto zuwa hoto.

WACE CE TA FI?

In an jera hanyoyin nan, sai a ga ma'auninsu ɗaya ne: wace ce ta fi bar wa ɗan Adam ikon ƙaryata na'ura, kuma nawa za a biya? Yanka haske da aron kibiyoyi da binciken hoto su ne masu araha, sun kuma wadatar ga taron jama'a da motoci da abin da ke nesa. Taswirar fuska da riga a baibai su ne na tsakiya, sun dace da wasan da ke gudana a wayar hannu. Gyaran kibiya da hannu, da tsara kowane tsayi, da bin hoto da alƙalami, su ne masu tsada, su ne kuma ke ruɗin ido. Kowane allazi da nasa amanu.

Akwai kuma waɗanda suka ga bai kamata a ɓoye na'urar duka ba. Kamfanin Orange, cikin Land of the Lustrous na 2017, ya bar fuskoki a shimfiɗe irin na sel, amma gashin mutanen, waɗanda a labarin duwatsu ne masu daraja, ya bar shi yana walƙiya yana ratsa haske yadda fenti ba zai iya ba. A The First Slam Dunk na 2022 an ɗauki motsin 'yan wasan ƙwallon kwando na gaske aka ɗora wa mutum-mutumi, sa'an nan Takehiko Inoue, wanda ya ƙagi labarin ya kuma ja ragamar fim ɗin, ya yi ta bin hotunan yana gyara da hannunsa. Fim ɗin ya tara fiye da yen miliyan dubu 15 a Japan kaɗai.

Darasin da masu zuba jari suka koya ke nan, ko da yake ba shi suka so ji ba. An shigo da kwamfuta domin a rage hannaye, sai ga shi ayyukan da suka yi fice su ne waɗanda aka fi zuba wa hannu. Araha ba ta ado. Aikin bai ɓace ba, wuri ya sake: wanda da yake zana hoton tsakani a kan takarda, yau ana bukatarsa ya zauna gaban allo yana karkata kibiyoyin kunci, kuma ba zai iya ba sai ya san inda mai fenti na zamanin sel zai sa inuwar. Shi ya sa masu ɗaukar ma'aikata a wannan fage suke daraja wanda ya iya zane da fensir, ko da aikin da za a ba shi na kwamfuta ne.